Tabarmar da Ta Ƙi Sunkuyawa

Mahaifina Ioelu ya yi shekara da shekaru bai ga saman bishiyar kwakwa ba. Bayansa ya fara ranƙwafawa tun ina goyon ɗana Peni, a hankali a hankali, har ta kai in yana tafiya ƙafafun mutane kawai yake gani. Da ƙafa yake gane kowa a garinmu. Tun kafin in buɗe baki in gaishe shi zai ce, "Sega, wa ya ba ki aron takalmin matar fasto?" Yaran gari in suna wasa sai ɗaya ya lanƙwashe ya dafe ƙugu ya ce shi ne matai, wato mai riƙe da sarautar gidanmu. In na kama su kuwa sai na murɗe kunne har ya yi ja, don ni ban ga abin dariya ba. Shi ko a jikinsa. Cewa yake ai gara a san mutum da wani abu.

Ba ranƙwafawar ce ta kai mu asibiti ba, ƙafafu ne. Da ya haura saba'in sai suka fara yi masa raɗaɗi kamar an zuba garwashi, daga ƙugu har tafin ƙafa. Tsakanin gida da coci ba bishiyar da bai jingina da ita ba. Wata Lahadi ya faɗi a bakin cocin, fitsari ya kuɓuce masa a gaban jama'a. Ranar ce kaɗai na ga Baba ya ji kunya, ranar ce kuma ya daina gardamar zuwa Aukilani, can New Zealand, inda ƙanina Setu yake aiki yana ta roƙon a kawo shi.

Likitar da ta duba shi 'yar firit ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta nuna mana hoton ƙashinsa, ta ce gaɓoɓin bayan sun goce sun danne jijiya. Za ta buɗe shi daga tsakanin kafaɗu har ƙugu, ta miƙar da abin da zai miƙu, ta kafa sandunan ƙarfe biyu da ƙusoshi, sannan ta zuba garin ƙashi a tsakani don gaɓoɓin su haɗe su zama abu guda. Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce ƙashin tsoho ba ya saurin kamawa. Wani yana kamawa ya tashi garau, wani ƙusa ta yi sako-sako a sake komawa, wani ma ba ya tashi daga gadon. In kuma ya kama, to shi ke nan, bayan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba har abada.

Baba ya ce wa Setu, "Gaya mata ta yi aikinta. Sunkuyon da na yi ya ishi mutum uku."

Tun safe suka shige da shi, sai da rana ta yi sanyi suka fito da shi, fuska a kumbure, robobi ta ko'ina. Ya sha wuya, mu ma mun sha. Akwai lokacin da ya ruɗe bai san ni ba, yana kirana da sunan mahaifiyata da ta rasu. Amma ranar da aka fara tsayar da shi ina wurin, kuma ba zan manta ba. Ma'aikata biyu suka riƙe shi, ya sauko da ƙafafu, ya miƙe, ya ci gaba da miƙewa, ni kuma ina ta ɗaga kai. Ashe Baba dogo ne! Na haura hamsin, na aurar da 'ya'ya, amma na manta ubana ya fi ni tsawo. Ya dube ni daga sama ya ce, "Sega, ashe tsakiyar kanki duk furfura ce." Na rufe fuska da zani na yi kuka kamar yarinya, ban damu da Turawan da ke wurin ba.

Aka ɗaura masa wata riga ta roba mai tauri, daga hammata har bakin cinya. Aka ce ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba murɗa jiki, ba zaman ƙasa, sai ƙashin ya kama, kuma hakan zai iya cin shekara. Likitar ta dubi Setu, ta dube ni, ta gane wa ya fi rashin mutunci a cikinmu, sai ta damƙa mini amanarsa. Ba ta yi kuskure ba. Ko takalminsa ya miƙa hannu zai ɗauka sai na doke hannun.

Ranar da muka dawo Samoa, mota ta sauke mu a bakin hanya, ya fito da ƙafarsa ya doshi gida. Matan da ke wanki a famfo suka saki wankin. Wata tsohuwa ta ɗauka kakanmu ne ya taso daga kabari, don haka tafiyarsa take, ta fara addu'a da ƙarfi. Ƙanwarsa Gwaggo Pua ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta zagaya shi sau biyu tana tafa hannu.

"Taɓɗi! Yaya, kai ne? Mun kai musu ƙugiya sun dawo mana da mashi!"

Ta ƙwanƙwasa rigar robar da yatsa. "Kunkuru, da mutum a ciki?"

"Akwai, kuma yunwa yake ji. Ke har yanzu surutu ne girkinki?"

Raɗaɗin ƙafafu ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Kullum da safe sai ya taka har bakin teku ya dawo, hannu a baya, yana gaisawa da mutane ido cikin ido. Matsala ɗaya ce, zama. A rumfar shawara ba mai zama sama da wani, kowane matai a ƙasa yake naɗe ƙafa a jikin ginshiƙinsa. Sai da dattawa suka yini suna muhawara kafin suka yarda a kawo wa Baba kujera, ita ma sai da aka rage mata ƙafafu.

Muna cikin wannan murna, ƙashin bai ko gama kamawa ba, Peni ya kashe mutum.

Gwaza ya ɗauko a a-kori-kura zai kai kasuwar Apia, babban birninmu. An yi ruwa, hanya da santsi, ya sha kwanar Safanua, wani gari da ke can bayan dutse, ya kwashe wani magidanci mai suna Lafaele da ke tsaye yana jiran bas. Nan take rai ya yi halinsa. Masu zuwa yi mini jaje suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ba tsautsayi ya taka masa totur ba. Ɗana ne, na san yadda yake tuƙi, na sha yi masa faɗa. 'Yan sanda suka tafi da shi kafin mutanen garin su taru, abin da ya cece shi ke nan. Kafin azahar labari ya iso mana cewa 'yan'uwan Lafaele sun rantse a gaban uwarsu: in Peni ya fito za su sare shi, in bai fito ba akwai ƙannensa, akwai 'ya'yansa.

Abu ɗaya ya rage mana, ifoga. Mai sarautar gidan da ya yi laifi shi zai je ƙofar waɗanda aka yi wa tun kafin fitowar rana, ya zauna a ƙasa ya sunkuya, a lulluɓe shi da tabarmar gado, wadda gida ya gada kaka da kakanni. A gefe a ajiye itace da duwatsu da ganyen ayaba, ma'ana ga mu, in kun ga dama ku gasa mu kamar alade. Ba magana, ba shan ruwa. In sun ɗaga tabarmar an yafe, gaba ta mutu tsakanin gida biyu, sai abin da ya rage tsakanin yaro da kotu. In rana ta faɗi ba su ɗaga ba, kowa ya koma gida ya wasa addarsa.

Na ce, "Baba, ba za ka je ba. A tura wani."

"Wa? Gidan nan matai nawa gare shi?"

"Likita ta ce ko zaman ƙasa kar ka yi."

"Likita ba ta da jika a hannun 'yan sanda. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Sega. Pua, ɗauko tabarmar Inna."

Bakina yana cewa kar ka je, zuciyata tana cewa tashi mu tafi. Ya dube ni, na san ya ga duka biyun.

Na ce, "To bari in aika wa fastonsu, a gaya musu an yi maka aiki a baya, kar su ga..."

"Kul! Mutum ya rasa ɗa, ke kuma ki aika masa da labarin bayana? Mai neman gafara ba ya tafiya da uzuri a hammata. Duk wanda ya faɗa, ban yafe ba."

Gwaggo Pua ta fito da tabarmar daga ƙarƙashin katifa. Kakarsu ce ta saƙa ta, laushinta kamar zane, bakinta jere da jajayen gashin tsuntsu. Rabon da a warware ta tun rasuwar mahaifiyata. Gwaggo da ba ta iya minti ɗaya ba tsokana, ranar hannu biyu ta sa ta miƙa masa ita, ta koma gefe.

Gabas ta fara haske muka isa Safanua. Gidan Elisaia, mahaifin mamacin kuma matai ɗinsu, yana kan dandamalin dutse, an saki asabarai duka. Filin gabansa baƙar tsakuwa ce mai kaifi, irin wadda ko da takalmi sai ka ji ta. Mazan gidanmu suka ajiye itacen da duwatsun. Naɗe ƙafa ba zai yiwu wa Baba ba, sai maza biyu suka kama shi suka saukar da shi a kan gwiwoyinsa. Na cusa masa wani tsumma a ƙarƙashin gwiwa, ya zare shi ya miƙo mini. Aka lulluɓe shi. Sauran mazan suka zauna a bayansa, kowa ya ja tabarmarsa ya kifa kai har goshi na neman taɓa ƙasa. Mu mata muka koma bakin hanya muka zauna.

Sai da gari ya waye sosai na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Duk tabarmin a kife suke, tasa kaɗai a tsaye, kamar an lulluɓe turke. Ya sunkuyar da wuya iya yadda wuya zai je, amma daga waje wa zai gani? Abin da ido ke gani shi ne mutum ya zo neman gafara ƙirji a buɗe.

Mutanen Safanua kuma sun san Ioelu. Sun san shi a taron coci na gunduma, sun san shi a kasuwa, mutumin da yake gaisawa da gwiwoyin mutane. Labarin aikin bai tsallaka dutse ba. Wasu sun ji ya je New Zealand, amma wa bai je New Zealand ba?

Aka ɗaga asabari ɗaya. Muryoyi suka fara fitowa, ba a ko rage su don kar mu ji.

"Wane ne wancan a gaba?"

"Wai Ioelu ne."

"Ioelu mai doro? Haba, ƙarya ne."

"Shi ne, ga ƙanwarsa can mai bakin nan."

"Lallai! Shekara nawa yana sunkuya wa kaji a kasuwa, sai yau da jikansa ya kashe mana ɗan'uwa ya samu baya?"

"Ya zo nuna mana shi ma mai sarauta ne."

Wata mata ta ce, "Ku ƙyale shi. Rana za ta koya masa."

Na yunƙura zan tashi, Gwaggo Pua ta damƙe mini wuyan hannu, farcenta ya shige fatata. Ta ce a kunnena, "Zauna, 'yar nan. In kika buɗe baki a filin nan kin ɓata ifoga, kin kashe ɗanki da harshenki."

Na zauna. Ni da ba a taɓa faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba, na zauna ina haɗiye magana kamar ƙaya.

Rana ta ɗago. Babban wan mamacin, Manase, wani ƙato mai zanen tawada tun daga ƙugu har gwiwa, ya fito ya zauna a kan matakala da adda da dutsen wasawa. Bai kalli kowa ba sai tabarmar nan ta gaba. Yana wasawa, yana gwada kaifin a gashin hannunsa, yana ci gaba. Ƙannensa suka jeru a bayansa. Can wani matashi a cikinsu ya ɗauki dutse ya jefa. Ya sami Baba a ƙirji, muka ji ƙwas, tabarmar ko girgiza ba ta yi ba. Rigar robar ce ta tare, amma su ba su sani ba.

"Kun gani? Ko gezau! Wannan tsohon raina mu ya zo yi."

Hadari ya taso daga teku ya zubar da ruwa ya wuce, rana ta dawo da zafin da ya fi na farko. Tsakuwar ta fara tururi. Ina kallon mazanmu da ke kife, bayansu na rawa don gajiya, su da suke da lafiya. Ina tuna hoton ƙashin nan, ƙusoshin a jere cikin ƙashin da likita ta ce ya yi laushi kamar busasshen burodi. Ina kuma tuna 'ya'yan Peni da na bari a gida, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Inuwar gidan ta bar yamma ta dawo gabas ta fara tsawo, ba wanda ya fito. Fastonsu ya shiga ya daɗe, ya fito yana girgiza kai, ya wuce ta gabanmu bai iya haɗa ido da mu ba.

Iska ta ɗan zame tabarmar daga kafaɗarsa. Gyara ta aikin mace ne, ba mai hanawa. Na rarrafa a kan tsakuwar har na isa bayansa. Da na kama bakin tabarmar na ga ƙasan gwiwoyinsa, tsakuwar wurin ta jiƙe, kuma ba ruwan sama ba ne, jini ne. Numfashinsa yana fita da ƙyar.

Na sa baki a jikin tabarmar na ce, "Baba, don Allah sunkuya. Ko kaɗan ne. Don Peni."

Ni na faɗi haka, ni da aka ba amanar bayan. Na san abin da nake roƙo ya karya, kuma na roƙa.

Muryarsa ta fito a shaƙe. "Tun safe nake yi, Sega. Ba ya zuwa."

Na kifa kaina a ƙasa. Can ya ce, "Ja baya. Gaya wa na bayana su ba ni fili, tsawon mutum."

Ban gane ba, amma na taɓa mazan suka matsa. Ni ban koma bakin hanya ba, na tsuguna a gefe.

Tabarmar ta fara karkatowa gaba, gaba ɗayanta, ba lanƙwasa ko ɗaya, yadda bishiyar kwakwa ke yi in an sare gindinta tana shawarar faɗuwa. Hannuwansa suka fito ta ƙasa, suka dafa tsakuwa. Ya ja gwiwa ɗaya baya, ya huta. Ya ja ɗayar. Bakin rigar robar yana cin cinyarsa, ina jin yadda yake danne nishi a maƙogwaro. Ya sauka a kan gwiwar hannu. A nan ne na ji wata 'yar ƙara daga can ƙasan bayansa, ƙas, ba ta fi ta karyewar tsinke ba. Daga baya hoton ƙashi ya nuna ƙusa ɗaya ta wajen ƙugu ta goce a ranar, shi ya sa har yau da sanda yake tafiya, in hadari ya haɗu kuma ba ya barci. A lokacin ban san wannan ba, ƙarar kawai na ji. Ya tsaya cak, na ce shi ke nan. Sai ya ci gaba, a hankali, har ƙirjinsa ya taɓa ƙasa, ya miƙe ƙafafu, ya buɗe hannuwa, ya kifa fuskarsa a kan tsakuwar da rana ta yini tana gasawa.

Tabarmar ta kwanta a kansa daga kai har ƙafa, jajayen gashin nan suna motsi a iska. A wurinmu in tabarmar gado ta kwanta haka a kan mutum, gawa ce.

Ƙarar wasa addar ta tsaya. Na girma ina jin labarin ifoga iri-iri a bakin tsofaffi, na masu yini a ruwan sama, na waɗanda aka kora da jifa, amma ban taɓa jin matai ya kwanta rub da ciki a ƙofar wani ba. Alade ma da aka kawo gashi a ɗaure yake zuwa, ba shi ke shimfiɗa kansa ba. Filin nan da mutum ya fi ɗari, ba abin da kake ji sai teku can nesa tana dukan duwatsu. Wata mata a cikin gidan ta ce, "Wayyo Allah, ya mutu," a hankali, kamar mai tsoron a ji ta.

Aka ɗaga asabarin tsakiya. Elisaia ya fito, tsoho siriri, idanunsa sun kumbura don kuka. Ya sauko matakala, ya wuce ta gefen Manase, ya tako har inda Baba yake. Ya sunkuya ya kama bakin tabarmar, sai ya tsaya riƙe da ita. Ya san abin da kowa ya sani, in ya ɗaga ba a mayarwa, ko mai rai ya tarar ko gawa. Na ga ya waiwaya ya dubi gidan da ɗansa ba zai ƙara shiga ba. Sannan ya yaye ta gaba ɗaya ya rungume ta a ƙirjinsa.

Mata a bayana suka fashe da kuka. Ni ko kukan na kasa.

Elisaia ya tsaya yana kallon abin da ke gabansa: rigar roba da maɗaurai, saman tabon aikin ya leƙo a ƙasan wuya, ja, mai kauri, da bayan gwiwoyin da ke karkarwa. Ba a yi wa matai magana daga tsaye, sai ya zauna ya naɗe ƙafa. Ya ga har yanzu yana sama da shi. Sai tsohon nan, uban mamaci, a ƙofar gidansa, a gaban 'ya'yansa da garinsa, ya kwanta a kan tsakuwar ya sa kuncinsa a ƙasa, fuskarsa daidai ta Baba. Duk wanda ke tsaye a filin ya zube. Manase ma ya sauko daga matakala ya durƙusa, addar na hannunsa.

Ina kusa, na ji abin da suka faɗa.

"Ioelu, mene ne wannan a jikinka?"

"Ƙarfe ne, ranka ya daɗe. Daga kafaɗa har ƙugu. Na gwada, ya ƙi."

Elisaia ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta kan hancinsa ya ɗiga a dutse. Sannan ya ce, "Yini guda na bar ka."

"Naka baƙin cikin ya fi yini."

"Tashi mu shiga ciki. Gidanka ne."

"Ranka ya daɗe, saukowar na koya wa kaina. Tashin ne ban san hanyarsa ba."

Elisaia ya ɗaga murya ya kira 'ya'yansa. Biyu suka taso da gudu za su kama Baba ta hammata su ja shi sama kamar buhu. Sai a lokacin bakina ya buɗe, duk abin da na haɗiye tun safe ya fito a ihu ɗaya.

"Kar ku ja shi! Za ku tsinke shi! A miƙe za a ɗauke shi, sai an samo katako!"

Suka ja baya suna kallon juna. Gidajenmu ba ƙofa balle a ciro ƙyaure, gado kuwa babu, a ƙasa ake shimfiɗa. Wani ya ce a ɗauko filafilin kwalekwale, wani ya ce a je coci a ciro benci, cocin kuma yana can ƙarshen gari. Baba yana kwance, leɓɓansa sun fara yin fari.

Sai muka ji ana jan abu a kan tsakuwa daga bayan madafa. Wata yarinyar mace ce cikin baƙaƙen kaya, da ciki ya fara fitowa, tana jan wani dogon katako mai faɗi, irin wanda ake ɗorawa a kan duwatsu a bakin hanya masu jiran bas su zauna. Ban taɓa ganinta ba, amma yadda mutane suka dare mata hanya ya gaya mini ko wace ce. Mareta ce, matar Lafaele. Wani ya miƙa hannu zai taya ta, ta ƙi. Ta jawo shi har gefen Baba ta sake shi. An wanke shi, an goge har itacen ya yi fari, amma akwai wani tabo wajen kai da ya ƙi fita.

Ta dube ni, ni uwar wanda ya kashe mata miji, ta ce, "A kansa aka kawo mini shi. Na so in ƙona shi, na kasa."

Ta juya wajen Manase. "Yaya, ku da kuka shigo da wancan, ku za ku shigo da wannan. Ku bi a hankali, ku yi yadda matar nan ta ce."

Manase ya ajiye addar a kan tsakuwa, ya zo ya kama wajen kai.